Takardun da suka ƙi shiga faifai: nazarin wani lamari a ƙungiyar manoman shinkafa ta yankin Argungu

Gyaran kwamfuta nake yi a Birnin Kebbi, kuma yawancin abin da ake kawo mini bai wuce allo ya fashe, caja ta ƙone, ko Windows ta ƙi tashi ba. Wannan da zan bayyana ya sha bamban, don ba lalacewar wani abu ce ta jawo shi ba. Kwamfuta tana aiki, faifan ajiya sabo fil a kwalinsa, amma takardu sun salwanta tsakanin wannan da wancan, har abin ya kusa raba mutanen da suka shekara da shekaru suna zama tabarma ɗaya.

Ƙungiyar da mai riƙe da takardunta

Ƙungiyar manoman shinkafa ce a wani gari da ke yankin Argungu, irin waɗanda suka yawaita bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya, wato Anchor Borrowers, a nan Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015. Wanda ya zauna kusa da irin waɗannan ƙungiyoyi ya san cewa bayan taki da iri, babban abin da suka tara shi ne takarda. Jerin sunaye, lambar BVN, hoton manomi tsaye a gonarsa, girman fili, wa ya karɓi injin ban ruwa, wa ya biya da buhu, wa ya biya da kuɗi, wa ambaliya ta cinye wa gona aka ɗaga masa ƙafa.

Duk wannan yana hannun sakatare, dattijo, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Da girmansa ya koyi kwamfuta, kuma da ɗabi'ar rajistar aji ya shigo ta. A wurinsa sunan fayil ba laƙabi ba ne, bayani ne. Ba zai rubuta "biyan bashi" ya tsaya ba, sai ya faɗi waɗanne mutane, wace kaka, an gyara ko ba a gyara ba, da kuma a wane zama aka gyara. Word ma ta taya shi: in ka zo adana sabuwar takarda, layin farko na rubutunka take ɗaukowa ta miƙa maka a matsayin suna, shi kuwa sai ya karɓa ya ƙara nasa a kai. Na ga masu gyara da yawa suna yi wa irin wannan dariya. Ni ban yi ba, domin a ofishin nan babu abin da za ka tambaye shi bai ciro maka cikin minti biyu ba.

Abin da ya faru

Tsohuwar kwamfutar ofis ta tebur ce mai Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Da zafin Maris ya kankama sai ta fara mutuwa da kanta tsakar aiki. Aka haɗa kuɗi aka sayo laftof da faifan ajiya na waje, wanda a kasuwa muke ce wa eksitanal. Aikin kwashe kaya aka ba ɗan ƙanen shugaban ƙungiya, yaro mai hankali da ya gama sakandare. Ya buɗe folda a eksitanal, ya sa mata suna "Ajiya daga kwamfutar ofis kafin a kawo sabuwa", ya jawo babbar foldar ƙungiya ya jefa ciki. Ana cikin tafiya sai wani akwatin saƙo ya fito da Turanci. Babu wuta, janareto ake kai, man kuma saura kaɗan. Yaro ya danna ɗan gurbin da ke cewa a yi haka ga duk sauran, ya danna Skip. Koren layi ya cika, akwati ya ɓace. Ya ce wa kawunsa an gama.

Tsohuwar kwamfuta aka ce a kai Birni a yi mata fomat, wato a goge duk abin da ke cikinta, a ba yaron ya riƙa koyo. Ita ce ta iso shagona, ta zauna ƙarƙashin tebur tana jiran layi. Da na yi mata abin da aka ce a ranar da ta zo, da wannan labarin wani iri ne.

Bayan kamar mako uku, yankan shinkafar rani ya matso, aka tashi neman jerin mutanen rukuni na biyu da suka biya rabin bashinsu. Folda tana nan a laftof, sauran takardu suna ciki, wannan ɗaya babu. Aka duba eksitanal, babu. Da aka ci gaba da bincike sai aka ga ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya ɗaga hankali shi ne irin waɗanda suka ɓace. Hotuna suna nan, wasiƙun gayyata suna nan, kundin tsarin ƙungiya yana nan. Waɗanda babu su ne na rigima: wanda aka gyara bayan gardama, wanda aka sake lissafi, wanda aka cire sunan wani aka sa na magajinsa. Bairos ba ya zaɓe haka, in ji wasu daga cikin membobi, hannun mutum ne. Wasu suka kalli yaro da kawunsa, wasu suka kalli sakatare.

Da dare Alhaji shugaba ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, wagga kwamhuta da anka kawo maka, ka taɓa ta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kunna ta ban yi ba." Sai na ji ya sauke numfashi ya yi hamdala.

Gano cutar

Washegari suka iso su uku. Tambayar farko yaron na yi wa: me akwatin ya ce? Ya yi ta kame-kame, sai can ya tuna ya ɗauki hotonsa da waya don ya tura wa abokinsa. Muka lalubo hoton. A samansa an rubuta "Destination Path Too Long", a ƙasa kuma bayani cewa sunan ya yi wa wurin da za a kai shi tsawo, a gajarta shi ko a nemi wuri mai gajeriyar hanya.

A nan ne mutane ke ruɗewa, don suna jin an ce suna sai su kalli sunan fayil kaɗai. In ka je garin da ba ka sani ba kana neman gidan wani, sunansa kawai ba ya kai ka. Sai an yi maka kwatance: shiyar kaza, bayan masallacin Juma'a, ka sha kwana wajen mai shayi, gida na uku mai ƙofar ƙarfe. Haka Windows take neman fayil. Tana farawa daga harafin faifai, ta bi sunan kowace folda ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan fayil ɗin, kuma duk wannan kwatancen a matsayin jimla ɗaya take ɗaukarsa. Tsohuwar ƙa'idarta ita ce kada jimlar ta wuce gurbi 260: uku na harafin faifai da alamominsa, 256 na hanya, ɗaya na alamar rufewa da ido ba ya gani. Ke nan 259 ne a hannunka, kuma kowace tazara tsakanin kalmomi harafi ce, kowace sandar da ke raba folda da folda harafi ce. Akwai wata iyaka daban ta sunan fayil shi kaɗai, 255, amma da wuya mutum ya kai can. Ta kwatance ce ke kama mutane.

Na ciro faifan tsohuwar kwamfutar na haɗa shi da tawa ta USB. Takardar da ake nema tana nan daram. Ga kwatancenta kamar yadda yake a gidanta na asali:

C:\Users\HP\Desktop\TAKARDUN KUNGIYAR MANOMAN SHINKAFA DAGA TSOHUWAR KWAMFUTA KADA A GOGE\Noman rani rukuni na biyu wadanda suka karbi taki da injin ban ruwa\New folder (2)\Sunayen wadanda suka biya rabi da wadanda ba su biya ba an gyara bayan taro.docx

Muka ƙirga tare, sakatare yana bi da bakin biro a kan allo. Daga farko zuwa ƙarshen Desktop da sandarta, 20. Babbar folda 69, ta biyu 67, ta ukun da ba a ko raɗa mata suna ba 14, ga sanduna uku, sunan takardar kuma 80. Jimla 253. Saura shida ta faɗa rami, ta shekara tana zaune a bakinsa ba wanda ya sani. A eksitanal kuwa, harafin faifai da foldar da yaro ya ƙirƙira sun ci 49 a inda da ake cin 20. An ƙara 29 ke nan, 253 ta koma 282. Windows ta ce ba za ta iya ba, ta tambaya, aka ce mata ta tsallake, ta tsallake.

Wannan ne ya warware abin da ya fi damun mutane. Takardar da ba a taɓa gardama a kanta ba, sunanta gajere ne, don babu abin da za a bayyana. Wadda aka yi ta ja-in-ja a kanta, kowane zama sai sakatare ya ƙara mata wutsiya: an gyara, bayan taro, da yardar shugaba, na ƙarshe. Rigima ce ke tsawaita suna, tsawon suna kuma shi ya hana ta wucewa. Zaɓen da ya yi kama da na hannun mutum, na ma'auni ne.

Amma faɗa da baki ba ya wanke wanda ake zargi da kuɗin jama'a, sai da shaida. Akwai wani umarni da ke cikin Windows tun zamanin Vista, sunansa robocopy, wanda iyakar 260 ba ta dame shi ba. In ka sa masa /L ba ya kwafin komai, lissafi kawai yake yi na abin da ke can babu shi a nan. Na sa ya gwada tsohon faifai da kwafin yaro, ya zubo jerin duk abin da aka bari, fayil 200 da ɗoriya. Na zuba jerin a Excel, na sa umarninta na ƙirga mai suna LEN ya ƙirga haruffan kowane layi, na daidaita lissafin da tsawon da zai zama a eksitanal. Babu ko ɗaya a cikinsu da bai haura 259 ba. Na buga takardar, shafi shida, na ba Alhaji ya tafi da ita taro.

Masu taurin kai

Cikin jerin na lura da wasu da tun a tsohuwar kwamfutar sun riga sun wuce iyaka. Ta yaya suka shiga tun farko? Sakatare ya ce ai ya san su, su ne yake kira masu taurin kai: wani ya buɗe, wani ya ƙi, in ka zo sauya masa suna ya ƙi, in ka zo jawo shi wani wuri ya ƙi. Na tambaye shi yaushe suka fara. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tun sa'ad da wani ɗan bautar ƙasa ya goge muna wasu takardu, ni kau na ƙara KADA A GOGE bisa babbar folda."

To ga shi nan. Kalmomin uku da tazararsu haruffa 12 ne. Idan ka sauya sunan folda ta sama, Windows ba ta leƙa ƙasa ta ga halin da 'ya'ya da jikoki za su shiga, sunan kawai take sauyawa. Duk fayil ɗin da ke 250 ya wayi gari a 262. Gargaɗin da ya rubuta don ya kare takardu shi ya kulle su. Dalilin da ya sa wasu ke buɗewa duk da haka shi ne wani gado daga zamanin MS-DOS, tsohon tsarin da ya gabaci Windows, lokacin da suna ba ya wuce haruffa takwas da uku na nau'in fayil. Da Windows 95 ta kawo dogayen sunaye ba a jefar da tsohon tsari ba, a kan ajiye wa fayil wani gajeren suna a ɓoye, irin TAKARD~1, kuma wani lokaci ta wannan ƙofar baya Windows ke lallaɓawa ta buɗe shi.

Akwai kuma na Excel, wanda ya fi kowa gajen haƙuri: tsofaffin fitowarsa ba sa buɗe fayil ɗin da kwatancensa ya wuce 218. Shi ya sa sakatare ya saba jawo takardun lissafi zuwa Desktop ya yi aiki, in ya gama ya mayar. Wani lokaci ya manta bai mayar ba. Sakamakon haka muka tarar da tagwaye masu suna ɗaya, ɗaya a Desktop ɗaya a cikin folda, lissafinsu ya bambanta. Wannan ya ci mana lokaci fiye da komai, kuma ba aikin injiniya ba ne, shi kaɗai ya san wanne ne na gaskiya.

Gyaran

Kafin in taɓa suna ko ɗaya, sai da na yi cikakken kwafi zuwa wata folda mai harafi ɗaya tak:

robocopy "F:\Users\HP\Desktop" "E:\T" /E /XJ /R:1 /W:1 /LOG:E:\rahoto.txt

Wanda zai gwada wannan kada ya bar /R:1 da /W:1. In ba ka sa su ba, robocopy ya ci karo da fayil ɗin da ya ƙi karantuwa, zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, a tsohon faifai mai ciwo kuwa sai ka kwana kana kallon allo. A ƙarshen rahoton akwai ɗan jadawali da ke faɗin nawa aka kwafa, nawa suka gagara. Shi nake yarda da shi, ba ƙidayar da ake gani in an danna Properties ba, don ita ma takan tsallake abin da ya yi nisa da yawa. Daga nan na cire tsohon faifai na ajiye gefe. Duk abin da ya biyo baya a kan kwafi aka yi shi.

Don ganin dogayen a wuri ɗaya, na yi amfani da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Everything. In ka rubuta path:len:>200 a gurbin nema, nan take za ta jero maka duk abin da kwatancensa ya haura 200. Na zaɓi 200 ba 259 ba da gangan. Takardun nan ba a wuri ɗaya za su mutu ba: gobe a zuba su a filash, jibi a kai shagon buga takardu, wani ya jefa su cikin tasa foldar mai dogon suna. Dole a bar musu filin juyawa, a kuma tsaya ƙasa da 218 ɗin Excel.

Daga sama aka fara, kuma wannan ne sirrin aikin gaba ɗaya. Babbar folda mai haruffa 69 ta koma "Kungiya", bakwai. Sauyi ɗaya, amma kowane fayil da ke ƙarƙashinta ya sauke 62. Foldar yaro ta koma "Ajiya", na mayar da cikakken kwafin cikinta. Da waɗannan biyu kaɗai takardar rukuni na biyu ta sauko daga 282 zuwa 180, ba a taɓa harafi ɗaya na sunanta ba. Folda ta biyu ta koma "Rani_R2_taki_inji", ta sauko 130. Jerin da ke cike da allo ya koma 'yan layuka da ba su kai talatin ba. Foldojin "New folder" na bi su ɗaya-ɗaya na kwashe abin cikinsu zuwa sama, a hankali, don in sunaye biyu suka zo ɗaya kuma ka danna a maye gurbi, ɗaya ta tafi ke nan. Wata folda ɗaya da ta yi zurfi ta ƙi sauyuwa, sai da na ara mata harafin faifai da umarnin subst, ta zama Z:, na shiga ta nan na gyara. Aron ba ya daɗewa, da an kashe kwamfuta ya tafi.

A kan 'yan ragowar ne na kusa yin ɓarna, kuma laifina ne. Yamma ta yi, suna son su kama hanyar Argungu kafin duhu, na ce bari in datse kowane suna a harafi na 50 a wuce wurin. Na buɗe PowerRename, cikin kayan PowerToys na Microsoft, na tsara yankan. Allah Ya taimake ni manhajar tana nuna yadda sunaye za su koma kafin ka amince. Sakatare ya gyara tabarau ya matso. Layi huɗu a jere duk sun koma "Sunayen wadanda suka biya rabi da wadanda ba su bi". Ya ɗora yatsa a allo ya ce, "Injiniya, tsaya. Wanga na gaban taro na, wanga na bayan taro, wanga wanda munka kai banki. In ka yanke musu wutsiya, mi za ya bambanta su?"

Gaskiyarsa. Mai rubuta dogon suna da abin da takardu suka yi tarayya a kai yake farawa, abin da ya raba su a ƙarshe yake zuwa. Yanka daga baya, garin neman gira ne a rasa ido. Na rufe manhajar na ce, "Baba, ku kwana, gobe mu bi su da hannu."

Da safe muka zauna, yana faɗa ina bugawa. Muka yarda a kan tsari: shekara da wata da rana a gaba don su jeru da kansu, sannan abin da ya bambanta takardar, sannan a bar duk abin da sunan folda ya riga ya faɗa. In folda ta ce rukuni na biyu, ba sai fayil ya maimaita ba. Bai ji daɗin rabuwa da jimlolinsa ba, ya kuma kawo hujja mai ƙarfi: in ya mutu ko ya sauka, wanda ya gaje shi zai gane "bayan taro" amma ba lallai ya gane gajerun alamomi ba. Saboda haka muka yi takarda ɗaya a Excel mai shafi biyu, tsohon suna a hagu sabo a dama, muka ajiye ta a bakin babbar folda, muka kuma buga ta a takarda. Bayanin da ke cikin tsofaffin sunaye na takardun Word, ya sa na kwafa shi zuwa layin farko na kowace takarda.

Abin da gyaran ya karya

Sauya suna ba ya tafiya kyauta. Babbar takardar lissafin ƙungiya tana jawo alƙaluma daga takardun rukunoni, kuma da tsohon kwatance ta san su. Da muka buɗe ta sai ta fara kukan ba ta ga 'yan uwanta ba, sai da na shiga wurin gyara mahaɗai na nuna mata sabon gidan kowace. Wasiƙar tunatarwa da ke ɗauko sunayen masu bashi daga Excel ita ma sai da aka sake ɗaura ta. Gajerun hanyoyin da ke Desktop da jerin takardun da aka buɗe kwanan nan duk sun mutu, waɗannan share su kawai muka yi. Duk wanda zai yi irin wannan aiki a ofishin da ke da lissafi mai jawo lissafi, ya tambaya tun kafin ya fara, don ni sai da abin ya fashe na sani.

Yaron, wanda zuwa lokacin ya saki jiki, ya ce ya gani a intanet ana iya cire iyakar gaba ɗaya. Haka ne, da sharaɗi. Tun fitowar Windows 10 ta 1607, a shekarar 2016, akwai wani makunni a rajistar Windows mai suna LongPathsEnabled, kuma shi tsarin NTFS, wanda Windows ke jera fayiloli a faifai da shi, da kansa yana ɗaukar kwatance har wajen haruffa 32,767. Sai dai makunnin yana aiki ne kawai ga manhajar da aka gina ta da sanin sa, kuma File Explorer da kowa ke amfani da shi wajen buɗe foldoji bai gama bin sa ba. Ko da ya yi aiki a laftof ɗinsu, ba zai bi takarda zuwa kwamfutar ma'aikacin banki ko ta shagon buga takardu ba. Illarsa a ganina ita ce yana ɓoye ciwon a gida ya bari ya tashi a gidan mutane. Ban kunna musu ba. Masu cewa a zuba komai a OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, su ma su sani can akwai tata iyakar, 400, sannan foldar OneDrive da ke kan kwamfuta ita ma tana ƙara wa kwatance tsawo.

Wani ɗan abin lura da ya shafe mu Hausawa: sakatare ba ya sa ƙugiya a sunayen fayil, KUNGIYA yake rubutawa da K zalla, don kibod ɗinsa babu ita. A Windows wannan bai rage komai ba, ƙ da k duk gurbi ɗaya suke ci. Amma wayoyin Android da kwamfutocin Linux ba haruffa suke ƙirgawa ba, baiti, wato ma'aunin wurin ajiya a na'ura, suke ƙirgawa, iyakar suna 255, kuma ƙ, ɗ, ɓ kowanne biyu yake ci, haka ma kowane harafin Larabci. Wanda ke raɗa wa fayil suna da ajami, kusan rabin filin mai boko gare shi in zai tura waya. Alhaji ya so a zuba masa wasu takardu a wayarsa, duk suka shiga ba gardama.

Yadda aka rabu

Ban je taron ba. Abin da Alhaji ya gaya mini shi ne an karanta shafukan nan shida, aka buɗe takardar rukuni na biyu a gaban kowa, lissafinta ya zo daidai da rasit ɗin da ke hannun mutane. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan sakatare ya je har gida ya ba shi haƙuri. Tagwayen Excel guda biyu ne suka rage ba a tantance ba, don shi kansa ya kasa tuna wanne ya gyara daga baya, kwanan watan da ke jikinsu kuma ba abin dogaro ba ne, batirin agogon tsohuwar kwamfutar ya daɗe da mutuwa, kullum sai ta tashi da wata shekara daban. Aka bar su duka biyu, ɗaya da A ɗaya da B, har sai an gwada da littafin ma'aji.

Tsohon faifan ban mayar da shi cikin kwamfutar ba. Na sa wa yaron wani, na naɗe na asalin a takarda, na rubuta kwanan wata a kai, yana cikin durowar Alhaji. Yaron kuma ya koyi karanta jadawalin ƙarshe na robocopy, shi ke yin kwafin wata-wata yanzu.

Bayan damina ta faɗi sakatare ya kawo laftof ɗin a sauya masa kibod. Ya zo da wani littafi mai kauri, irin na rajista, ya ja layi a tsakiyar kowane shafi: gajeren suna a hagu, cikakkiyar jimlarsa da biro a dama. Ina cikin gwada maɓallai idona ya faɗa kan wani sabon fayil a cikin foldar Kungiya, sunansa ya kai bakin allo ya lanƙwasa, da "an gyara bayan taro" a wutsiya. Ya ga na gani, ya kau da kai yana gyara hula. Na ƙirga, 131 ne da kwatancensa duka. Na bar masa abinsa.